Allurar Samfur a Ƙugun Alhaji Modu

A gabana aka ƙulla cinikin, cikin shagon Alhaji Modu a Kantin Kwari, damina ta yi nisa. Alhaji zai dakata da sayar da shagon har zuwa bikin ƙanin yarinyar, ita kuma za ta duba masa ƙugunsa. In ranar yankan anko ta zo ya iya miƙewa, ya sauko da bandir daga kanta da kansa, ya auna ya yanka a tsaye, to yadin ankon danginta duka kyauta ne. In ya kasa, za ta saya a kuɗin da ya fara faɗa, ba tayi ba ragi, kuma kada ta sake yi masa maganar ƙugu.

"Na sallama," in ji Alhaji. Yana zaune a kan dilar da ya saba zama, ya karkace gefen hagu kamar motar da taya ɗaya ta sace. "Sambo, kai ne shaida."

Na ce Allah ya sa albarka, don aikina ke nan. Ni dillali ne, kuma abin da ya kai ni shagon ran nan shi ne in nemo wanda zai saye shi. Amma a raina ban yarda da yarinyar ba.

Sunanta Amarachi, haifaffiyar Sabon Gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Fagge fita. Neman yadi ta shigo kamar kowa. Tana cikin ɗaga kaya aka kira la'asar, Alhaji ya yunƙura zai tashi. Ta ga yadda ya dafa kanta, ya ciji leɓe, ya tsaya a sunkuye kafin ya iya miƙewa. Sai ta ajiye yadin, ta ce masa ita ma'aikaciyar gashin ƙashi ce a wani asibiti a unguwarsu, ya nuna mata inda ke masa ciwo, amma da yatsa ɗaya. Alhaji ya yi dariya, ya ce ciwon da sai an fita da shi ƙasar waje shi za a nuna da yatsa? Duk da haka ya kai hannu baya ya dangwali wuri guda, ƙasa kaɗan da maɗaurin wando, a gefen dama, ba a tsakiyar baya ba. Ta ce ya sauke hannun ya sake. Ya sake dangwalar nan dai. Daga nan maganar ta taso.

Ciwon ya faro ne tun kafin azumi. Alhaji Modu Babarbare ne, kakansa ya sauka Fagge da fatake bai koma ba, kuma mutum ne da bai yarda wani ya duba masa kaya ba. Da shekarunsa ya hau tarin diloli a sito, da ya gama ya diro a kan ƙafar dama. Bai faɗi ba, bai ma ji komai ba sai washegari. Daga ranar zama ciwo, tashi ciwo, hawa bene ciwo, juyi a gado ciwo. Abin yakan sauko ta mazauni ya bi cinya ya tsaya kafin gwiwa. Salla ta koma kan kujera. An yi ƙaho, an shafa man zafi, mai ɗori ya murza shi har sai da ya yi kwana biyu bai fito ba. A asibiti aka ɗauki hoton bayansa, likita ya ce akwai zaizaya a ƙashin baya irin ta shekaru, ya ba shi magani ya ce ya dawo a sake dubawa. Bai koma ba, saboda Gana ya shigo maganar.

Gana ɗan ƙanin mahaifinsa ne. A shagon nan ya tashi, yanzu kuma harkarsa kai marasa lafiya ƙasar waje, shi ne biza, shi ne tikiti, shi ne masauki. Ya ɗauki hoton da wayarsa ya tura, amsa ta dawo wai aiki za a yi, a sa ƙarfe a baya, Alhaji ya dawo yana taku kamar saurayi. Kuɗin irin wannan aiki ba inda zai fito sai shagon. Kuma shagon nan shi ne abin da gidan Alhaji ke ci. Wanda ya fita daga shago a Kwari, ni dai ban taɓa ganin ya samu irinsa ya koma ba.

Da Gana ya ji labarin cinikin, bai ɗaga murya ba. Ya ce wa Alhaji, Yaya, kai da ka san kasuwa, mace ta shigo sayen yadi ta fita da alkawarin kyautarsa, kuma ba ka ga komai a ciki ba? Ya ce mutanen Sabon Gari sun daɗe suna son shaguna a layin nan, wataƙila turo ta aka yi ta ja lokaci har ciwo ya kwantar da shi, a saya a wulaƙance. Ni ma abin da nake tunani ke nan, sai dai ban ji daɗin jin sa daga bakin Gana ba.

Na hau adaidaita na tafi Sabon Gari na yi tambaya. Ina da mutane a can tun zamanin da nake dillancin injin ɗinki. Aka ce mini 'yar marigayi Nwabueze ce, wanda ya yi aikin gyaran tarago a tashar jirgin ƙasa. Aka ce bikin ƙaninta gaskiya ne, an ma kama zauren coci. Na nemi ko tana da ɗan uwa mai harkar yadi, ko miji, ko wani maigida a kasuwa, ban samu ba. Na dawo hannu wayam, kuma hakan bai kwantar mini da hankali ba. Wanda aka bincika ba a samu komai ba, ko dai ba shi da komai ɗin, ko kuma ya iya ɓoyewa.

Ranar dubawa ni na raka Alhaji. Tun a hanya yake cewa shi mace ba za ta murza shi ba. Da muka isa ashe ta san da wannan, ta tanadi abokin aikinta namiji, wani ƙato mai hannu kamar faranti. Shi ke dannawa, ita tana tsaye tana faɗin inda za a danna.

Ta fara da tambayoyi. Ko fitsari na kufce masa? Ko ƙafar na mutuwa? Ko yana zazzaɓi, ko ya rame ba dalili? Alhaji ya ce shi ƙugu ya kawo, ba tarihin gidansu ba. Ta ce, Baba Alhaji, in ɗaya daga cikin waɗannan ya kasance, ba wurina za ka zauna ba, yau zan tura ka gaba. Aka kwantar da shi rigingine, aka ɗaga ƙafar a miƙe, bai ji komai ba. Aka buga masa ƙaramar guduma a gwiwa, ƙafar ta harba. Aka ce ya ture hannun ƙaton da babban yatsan ƙafa, ya ture. Sannan aka lanƙwashe gwiwar dama, ƙaton ya sa hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙugu ya danna cinyar ƙasa. Nan Alhaji ya yi salati. Aka juya shi a kan gefensa aka danna ƙashin ƙugu daga sama, ya sake yin salati. Aka kifa shi aka danna can ƙarshen baya, haka dai. Duk lokacin da ya yi ƙara sai ta tambaye shi, ciwon da ka sani ne ko wani sabo? Ya ce shi ne, ɗan banzan, ya san shi kamar maƙwabcinsa.

Ta ɗauko wani ƙashin roba ta nuna mana. Inda ƙashin baya ya ƙare akwai wani faffaɗan ƙashi mai kama da bakin garma, yana zaune tsakanin ƙasusuwan ƙugu biyu. Dama da hagu akwai mahaɗa, jijiyoyi masu ƙarfi sun ɗaure ta, motsinta kaɗan ne ƙwarai, amma duk nauyin mutum ta nan yake bi ya sauka ƙafa. Ta ce tana zaton dirowar nan ce ta girgiza ta dama, zaman karkace a kan dila kuma ya hana ta lafawa. Ta ce irin wannan ciwo sau da yawa ba ya fitowa a hoto, zaizayar da aka gani kuwa gaskiya ce, amma da za a ɗauki hoton tsofaffin Kwari duka, mafi yawansu za a gan ta.

Sai ta ce wannan duk zato ne. Tabbaci sai an yi wata allura. Akwai wani likita, Dakta Abdulhafiz, zai sa ruwan kashe zafi a cikin mahaɗar kanta, yana kallon bakin allurar a na'ura don kada ya kauce. In ciwon daga nan yake, zai ɗauke. Ta ɗaga yatsa ta ce:

"Amma ba magani ba ce, Baba. Gwaji ce. Kafin magariba za ta sake ka, ciwon zai dawo. Kada ka ɗauki kaya don ka ji daɗi. In kuma bai ɗauke ba sam, to ni ce na yi kuskure, in zo in sayi yadina."

Ni na ji wannan. Alhaji bai ji ba. Na dube shi a lokacin, labulen ɗakin ya kama yana murzawa tsakanin yatsu biyu, yana auna ko auduga ce ko roba. Haka 'yan Kwari suke. In mai kaya na bayani ba sa saurara, sun ɗauka duk talla ce, abin da hannu ya ji shi suke yarda da shi.

Aka yi allurar da safe a wani asibiti cikin gari. Da aka ce ya sauko daga gadon, ya sauko a hankali yana jiran ciwon. Bai zo ba. Ya sunkuya, ya miƙe, ya taka da ƙafar dama da ƙarfi. Ya dube ni ya ce, Bafillace, ka ga ikon Allah? Azahar a tsaye ya yi ta, da ruku'u da sujada, karo na farko tun kafin azumi, kuma na ga ya daɗe a sujadar ƙarshe. Muka koma kasuwa, ya zaga layi yana gaisawa da mutane. Na tuna masa an ce kada ya ɗauki kaya. Ya ce bawa ba ya ba ubangidansa umarni, irin wasan da ke tsakaninmu da Barebari. Ya sauko da bandir ya mayar, ya kama kunnen dila ya ja ta daga wannan bango zuwa wancan, ya haye dilar ya naɗe ƙafa ɗaya.

Ana kiran magariba sai da mutum biyu suka kama shi zuwa adaidaita.

Washegari ya aiko a kira ni gida. Na same shi a zaure, kwance a kan gefen hagu, Gana na zaune a kansa. Bai bari na gama sallama ba.

"Samfur aka nuna mini, Sambo. Ni, Modu, da furfurata."

Kowa a Kwari ya san abin da yake nufi. Akan kawo maka dila, turamen sama masu kyau, ka murza ka ji daɗi ka biya. Sai ka kai gida ka buɗe tsakiya ka tarar da atamfar da ruwa ɗaya ke wanke ta. An taɓa yi wa Alhaji haka a Kwatano yana saurayi, kuma bai manta ba. Ya ce yanzu ya gane wayon. Ranar yankan anko za ta sa a yi masa irin wannan allura da safe, ya miƙe ya sauko da bandir ya yanka, ta kwashi yadi ta tafi biki, shi kuma magariba ta yi masa yadda ta yi jiya. Gana ya girgiza kai ya ce shi dai ya faɗa tun farko.

Gaskiya maganar ta shige ni. Lissafin ya zauna daidai, kuma da ni ne macucin, haka zan tsara shi. Alhaji ya ce cinikin ya warware, Gana yana da mai saye, gobe a kawo shi shago a gama.

Mai sayen sunansa Goni. Ya zo da babbar riga sabuwa, layin ninkin bai ma baje ba. Ya gaisa, ya zauna, ya dubi shagon sau ɗaya ya ce ya yi. Nan na fara jin wani abu. Tun ina saurayi nake haɗa mai saye da mai sayarwa, kuma ban taɓa ganin wanda zai fitar da kuɗinsa na gumi bai kushe kaya ba. Ko akuya ce sai ya ce ta rame. Mai sayen shago sai ya ce layin ya mutu, ƙofar ta yi ƙunci, maƙwabcin mafaɗaci ne. Kushe shi ne alamar mutum yana so, kuma aljihunsa ne zai ji zafi.

Sai na yi abin da dillali ba ya yi, na kushe masa shagon da kaina. Na nuna masa tabon ruwa a kusurwar rufi, na ce in an yi ruwa mai ƙarfi sai an janye kaya. Ya ce ba komai. Na ce magudanar layin tana toshewa, bara ruwa ya shigo har idon sawu. Ya ce Allah ya kyauta. Bai tambayi takardun wurin ba, bai tambayi wane ne ke bayan bango ba. Alhaji ya faɗi kuɗi, ya ɗora da yawa don a samu wurin ragi, kamar yadda aka saba. Goni bai ce ya yi tsada ba, bai taya ba. Ya juya ya dubi Gana. Gana ya sunkuyar da kai yana duba wayarsa. Sannan Goni ya rage ɗan abin da bai kai a faɗa ba ya ce ya saya.

Alhaji ya miƙo mini hannu in haɗa su. Na ce ba zan haɗa ba. Na ce shagon nan yana cikin wani ciniki da ni ne shaidarsa, kuma wancan bai warware ba sai ɓangaren biyu sun zauna. Dillalin da ya ɗora ciniki a kan ciniki, gobe ba mai kiransa.

Ran Alhaji ya ɓaci. Ya ce, Bafillace, yadi nawa ta yi maka alkawari? Gana ya ce akwai dillalai da yawa a Kwari. Na ce akwai, amma duk wanda aka kira sai ya tambaye ni, don kasuwa ta san ni na fara riƙe maganar. Na ce a ba ni zuwa jibi.

Na koma Sabon Gari. Na tarar da Amarachi tana koya wa wata tsohuwa taka matakala, na jira ta gama. Na gaya mata ciwon ya ɗauke kuma ya dawo. Na zuba mata ido in ga ko za ta daburce. Sai na ga fuskarta ta washe. Ta tambaye ni ya ɗauke duka ko rabi, ya iya sujada, yaushe ya dawo. Na faɗa mata. Ta ce to an samu amsa, mahaɗar ce, yanzu za a fara magani. Da na ce ya ja dila, ta dafe kai ta ce tsofaffin nan sai Allah.

Ban ɓoye mata ba. Na faɗa mata abin da Alhaji ya ce game da samfur da ranar anko, kuma na ce ni ma ban ga inda lissafin ya karye ba. Na ga abin ya sosa mata rai, don sai da ta gyara zaman takardun da ke gabanta sau biyu ba dalili.

"Malam Sambo, kana wurin lokacin da na ce masa zai dawo kafin magariba?"

Na ce ina wurin.

Ta ce to a ƙara sharaɗi. Akwai allura ta biyu mai maganin kumburi da likita zai yi masa, a yi ta yanzu, tun biki da nisa, daga ita ba wata. Ranar yanka kuma kada a ba ta yadin. A ajiye a hannuna har mako ya zagayo. In a cikin makon Alhaji ya koma salla a kujera, in mayar masa da kayansa, danginta su je biki da abin da suke da shi a akwati.

A adaidaita ina komowa na yi ta juya abin. Mai cuta ba ya yarda kaya su kwana a hannun dillali, so yake ya karɓa ya ɓace. Kuma a duk shekarun da na yi a kasuwa, ban taɓa ganin mai sayar da atamfa mai zuba ya ce maka za ta zuba ba. Yarinyar nan tun kafin a soka allurar ta kushe kayanta da bakinta. Wancan kuwa mai babbar riga, an nuna masa rufi na yoyo ya ce ba komai.

Haka na faɗa wa Alhaji, mu biyu a zaurensa. Da farko ya ce ƙarya ne, ba ta ce zai dawo ba. Na ce ta faɗa, kana murza labule. Sai ya ce labulen ma roba ne. Na ce kar ya yarda da ni, ya gwada da kansa. Ya kira Gana ya tambaye shi abu ɗaya: wannan aikin na ƙasar waje, mene ne aibinsa?

Ya kira shi a waya a gabana, ya buɗe murya. Gana ya ce, Yaya, ba shi da aibi ko ɗaya, mutanen nan sun ƙware, duk wanda na kai ya dawo garau. Alhaji ya ce ko mutum ɗaya ba a samu wanda ciwon ya ƙi tafiya ba? Gana ya ce ko ɗaya. Alhaji ya ce madalla, ya kashe wayar. Sannan ya ce shi tunda yake bai taɓa sayen dilar da ba ta da turmi ko ɗaya mai tabo ba.

Muka koma wurin Dakta Abdulhafiz. Wannan karon na ƙwace hular Alhaji na riƙe masa, na zaunar da shi nesa da labule. Likitan ya ce zaizayar bayan tana nan, kuma wata rana tana iya neman nata maganin, amma gwajin ya nuna ba ita ke ba shi wannan ciwon ba. In aka sa ƙarfe a baya, mai yiwuwa ne ya dawo da ciwonsa yadda ya tafi da shi. Ya ce allura ta biyu ma ba ta warkarwa ita kaɗai, sarari take bayarwa a yi motsa jiki, kuma akwai waɗanda ba ta yi musu aiki sosai. Alhaji ya dube ni ya ce wannan ma ya iya kushe kayansa.

Maganin bai yi kama da magani ba, shi ya sa ya sha wahalar karɓuwa. Amarachi ta ba shi wata ɗamara mai faɗi da ake ɗaurawa ƙasa da cibiya, ta matse ƙasusuwan ƙugu. Ta hana shi zama a kan dila, ta ce kujera mai tauri, ƙafa biyu a ƙasa, kuma ya riƙa tashi yana takawa. Ta koya masa kwanciya rigingine ya matse matashi tsakanin gwiwoyi, da ɗaga mazaunai sama a hankali, safe da yamma. A shago turmin atamfa yake matsewa a bayan kanta. Maƙwabta suka gano, suka ce Alhaji ya ɗaura gurun Sabon Gari, wani ya ce naƙuda yake koyo. Sau biyu ciwon ya motsa, sau ɗaya bayan ya je ɗaurin aure Wudil a mota. Duk lokacin sai ya kira ni ya ce ga shi nan, an cuce shi. Ni kuma in ce ya bari mu ga Juma'a. Gana ya zo sau ɗaya ya ce Goni ba zai jira ba. Alhaji ya ce Allah ya ba shi wani.

Ranar yanka Amarachi ta zo da ƙanwar mahaifiyarta, ni kuma tun asuba nake tare da Alhaji don in tabbatar ba wanda ya soke shi da komai. Shi ya nemi haka. Ya tashi daga kujera bai dafa kanta ba. Ya sauko da bandir na farko, ya ja yadin a kan sandar awo, ya yanka. A na uku ya tsaya ya gyara ɗamararsa, na ga gumi a goshinsa, amma bai zauna ba har ya gama. Aka ƙulle kayan na kai gidana.

A cikin makon sai da ya gwada ni. Ya ce ai bai warke duka ba, in ya daɗe a zaune yana jin sa, don haka rabi ya kamata a ba ta. Na ce ba a yi ciniki a kan warkewa duka ba, kuma ranar Juma'a a sahu ɗaya muka yi salla, na ga goshinsa a ƙasa. Ya ce Fulani ba su da amana. Ranar da mako ya cika ni na kai mata kayan har gida, ta buɗe ta duba kowane yanki ta auna da hannu. Na ce ashe ke ma ba ki yarda da mu ba. Ta ce a Kano aka haife ta.

Bayan damina Gana ya kama wani shago a can ƙarshen kasuwa, wajen da ruwa ke kwanciya. Na bi ta wurin wata rana na ga Goni a ciki da 'yar shara, yana jera kaya. Na gaishe shi, ya amsa bai dube ni ba. Gana har yau cewa yake taimako ya so yi, kada shagon ya fita daga dangi. Mai yiwuwa ma ya yarda da hakan a ransa. Alhaji bai taɓa yi masa maganar ba, sai dai ya daina ba shi mabuɗin sito.

In aka zo rabon riba, Amarachi ta samu ankon biki, kuma yanzu tsofaffin layinmu uku ke zuwa wurinta, kowanne yana cewa gwadawa kawai yake yi. Alhaji Modu ya yi asarar yadi mai yawa da dilar da ya fi so ya zauna a kai, ya tsira da shagonsa da sujadarsa, ciwon kuma yakan leƙo in ya yi ganganci. Gana ya rasa shagon da ya tashi a ciki, ya rasa la'adar tafiya. Ni ma na rasa la'adar da na fi sa rai a shekarar. Abin da na samu shi ne ragowar yadin, Alhaji ya ba ni ya ce in ɗinka hula, kuma da na kai wa tela ya ce ba zai kai ba.